Shekarar da Ezell Ya Yi Kiwon Fastoci

A garinmu Tallow Bend, nan gefen kogi a Mississippi, in ka tare yaro ko babba ka ce wa ya fi kowa sanin ƙwallo, irin tamu ta Amurka da ake runguma a ruga da ita, zai ce maka Ezell Bohannon. In ka ce wa ya gaya masa, zai ce Ezell Bohannon.

Dogon mutum ne mai tumbi, ya yi shekaru yana sayar da tayar tarakta kafin ya aje aiki. A bakinsa, lokacin da yake ɗalibi a kwalejin garin, ya taɓa rungumar ƙwallo ya ratsa ƙarti bakwai ya kai ta gida, biyu suna rataye a wuyansa. Matarsa Odessa, wadda ajinsu ɗaya, ta ce ita abin da ta ga ya runguma bokitin ruwan 'yan wasa ne, shi ma rabi ya zube a hanya. Ba ta faɗin haka a gaban mutane sai in an tambaye ta. Kuma ana tambayarta.

Abu ɗaya Ezell yake da shi wanda ba ƙarya a ciki: inuwa. A ƙofar filin wasan kwalejin akwai wata tsohuwar bishiyar pekan. Duk Asabar ɗin da Alfadarai ke wasa a gida, wato ƙungiyarmu masu koren kaya, mutane sukan kafa tukwane tun hantsi a kewayen fili, kowane gida da wurinsa. Ba takarda, ba shinge, amma ba mai gangancin aje kujera a wurin wani. Gindin pekan ɗin nan na gidan Bohannon ne. Uban Ezell ya soya tarwaɗa a nan har Allah ya ɗauki ransa, Ezell ya gaji tukunyar da matsamin da inuwar. Kifinsa kuwa akwai daɗi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Da ya tsaya a kan kifi, da ba ku ji wannan labari ba.

Shekarar nan sai mutumin da ke tsara wa Alfadarai wasannin kaka ya kamu da ciwon ƙafa ya koma wurin 'yarsa. Aikin na buga waya ne: ka nemi kwalejoji, ku sa rana, a san wa zai zo wa zai je. Ba albashi, ba godiya. Shugaban kwaleji ya yi cigiya a taro, kowa ya sunkuya yana duban takalminsa. Ezell ya miƙe.

Abin da ke cinsa kuwa jerin gwanaye ne. Kowace Litinin ta kaka, wasu alƙalai da ke zama can arewa, waɗanda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu, sukan fitar da sunayen ƙananan kwalejoji ashirin da biyar da suka fi iya ƙwallo. Rediyo ya karanta, a liƙa a shagon aski. Rabon Alfadarai da shiga jerin nan tun Ezell yana da gashin gaba.

Da ya gama buge-bugen wayarsa sai ya tafi wurin Koci Thurman, wani siririn mutum marar magana, wanda ba a taɓa ganinsa ba hula ba.

“Koci, na gano abin da ke damunmu,” in ji Ezell. “Shan kashi.”

“Ka gano.”

“Me ke kawo shan kashi? Karawa da wanda ya fi ka. To bana mun daina.”

Ya shiga lissafo masa abokan karawa. Makarantar koyon aski. Makarantar koyon shirya gawa. Ta masu haɗa magani. Da wasu irinsu. A ƙarshen kaka kuma, ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa gida, makarantar fastoci ta Gilgal.

“Masu askin suna da ƙungiya?” in ji Koci.

“Sun ce za su haɗa.”

“Bledsoe fa?”

Bledsoe kwalejin hayin kogi ce, Shahuna, masu kaya ruwan lemo. Muna karawa da su duk shekara tun zamanin kakanni, suna doke mu duk shekara tun zamanin iyaye.

“Na cire su. Ba sa'anninmu ba ne.”

“Wannan gaskiya ne,” in ji Koci. Ya gyara hula. “Mista Ezell, alƙalan nan fa ba nasara kaɗai suke dubawa ba.”

“Koci, kai ka ji da yara. Lissafi ka bar mini.”

Labari ya riga shi isa shagon aski. Mai shagon kuwa Lucius Tubbs ne, ƙanin Odessa, wanda ya yi karatu a Bledsoe kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Ya ɗaura wa Ezell ƙyalle a wuya, shago cike da masu jiran layi.

“Mijin Yaya, an ce ka gudu daga Bledsoe.”

“Gudu? Tausayi dai. Bana ba na son Odessa ta ga ƙaninta yana kuka.”

“Allah Sarki. To da wa za ka kara? Ƙungiyar matan coci?”

“Yi dariyarka. Ranar da za a fitar da jerin ƙarshe, in Alfadarai ba sa saman Shahuna, faɗi abin da kake so.”

“Inuwa,” in ji Lucius.

Kowa a shagon ya waigo. Wanda ke karatun jarida ma ya sauke ta.

“Inuwar pekan. In kafa tutar Bledsoe a gindinta, ta zama tawa. Kai kuma ka soya mana kifi da rigar ruwan lemo a jikinka.”

“In kai ka faɗi fa?”

“In sa kore, in ja alfadarin nan da kwalejinku ke kiwo don sunan ƙungiya, daga gada har ƙofar coci, ranar Lahadi, ana fitowa.”

Ezell ya zaro hannu daga ƙarƙashin ƙyalle suka tafa, a gaban shaidu.

Da ya koma gida Odessa ta riga ta ji. “Inuwar ubanka ka sa a caca?”

“Ba caca ba ce, Odessa. Caca ai sai in mutum yana iya faɗuwa.”

“Ezell Bohannon,” ta ce, “wanke hannu ka ci abinci.”

Kaka ta kama, auduga ta yi fari, aka fara. Masu aski suka zo a mota biyu, kowa kansa tsaf kamar mai zuwa neman aure. Sai da aka roƙe su kafin suka yarda su sa kwalkwali. Alfadarai suka yi musu saba'in da bakwai ba ko ɗaya. Ran nan Bledsoe ma suka buɗe kakarsu da fastocin Gilgal don motsa jini, suka doke su ba tare da sun jiƙa riga ba. Litinin ta zo, rediyo ya karanta jeri tun daga sama har ƙasa. Ba Alfadarai.

“Labari bai kai arewa ba tukuna,” in ji Ezell.

Masu shirya gawa suka zo da baƙaƙen kwat, suka kawo gadon ɗaukar mutum nasu na kansu. Ban taɓa ganin yara masu ladabi irinsu ba. Duk wanda aka kayar a cikinsu sai ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce wa wanda ya kayar da shi Allah ya ba da haƙuri. Ɗaya ya tsaya ya dubi wanda ya fi girma a cikin yaranmu tun daga kai har ƙafa, ya ce a hankali, “Wannan sai an yi masa akwati na musamman.” Yaron ya nemi Koci ya sauya shi. Duk da haka aka yi musu tamanin da huɗu.

Ran nan kuma Bledsoe suka je wata babbar jami'a ta jiha, aka doke su da maki uku. Litinin, rediyo ya ce Shahuna sun shiga jeri, su ne na ashirin.

Ezell ya banko ƙofar shagon aski ko gaisuwa babu.

“An doke ku fa!”

“An doke mu,” in ji Lucius.

“Kuka hau?”

“Muka hau.”

“Mu da ba a taɓa doke mu ba?”

“Mijin Yaya, zauna kada jininka ya hau shi ma. In ka shiga gidan kula da tsofaffi ka kayar da kowa a kokawa, kambu za a ba ka ko 'yan sanda za a kira? Alƙalan nan tambaya biyu suke yi. Wa ka kayar? Shi kuma wanda ka kayar ɗin, wa ya taɓa kayarwa? Mu giwa muka tara, har ta yi tangaɗi. Masu askin nan naka, wa suka taɓa yi wa illa?”

“Ni,” in ji wani dattijo a kan benci. “Sun yanke ni a kunne.”

Ezell ya fita ya je ya ce wa Koci maki ne bai isa ba, a yi wa masu haɗa magani ɗari cif. Aka yi musu. Mai sharhi a rediyo ya ce akwai wata ƙungiya a bakin kogi da ke cin zalin bayin Allah, ya kamata iyaye su sa baki. 'Yan ƙuri'un da Alfadarai suka fara samu a wurin alƙalai ma suka janye.

Kwana biyu Ezell bai yi wa kowa bayanin komai ba, har Odessa ta taɓa goshinsa. Ran na uku da safe ya aje cokali.

“Odessa, na gano.”

“Kuma?”

“Laifin ba namu ba ne. Waɗanda muke dokewa ne ba su da auki. In su suka yi ƙarfi suka doke wasu, nasararmu ta yi nauyi. Ke nan kiwo za a yi musu.”

“Kiwon wa?”

“Abokan gaba.”

Ta dube shi, ta dubi kofinsa, ta ɗauka ta sansana. Shayi ne.

Ya fara da masu aski. Ya tarar sun rushe ƙungiya tun ranar da suka koma, kwalkwalin ma sun mai da su kwanon jiƙa tawul. Don kada ya yi zuwan banza suka zaunar da shi wani sabon ɗalibi ya yi masa aski kyauta. Ya dawo gida da hula, ya kwana da ita.

Sai masu shirya gawa. Ya tara su a bayan makaranta, kusa da akwatunan gawa da ba a yi wa fenti ba.

“Matsalarku ladabi,” ya ce. “In mutum ya taho da ƙwallo, ba ta'aziyya za ka yi masa ba. Sunkuyawa za ka yi, ka sa kafaɗa, ka ture. Ku dube ni.”

Ya ja da baya, ya sunkuya, ya nufi wani buhun yashi da suka rataye. Bai kai buhun ba. Bayansa ya ce ƙas, ya tsaya a sunkuye kamar mai neman allura.

Yaran suka ce za su kai shi gida, amma sai a kwance. Mota mai tsawon da za ta ɗauki mutum a kwance kuwa guda ɗaya gare su, ta ɗaukar gawa. Suka sa shi a baya, suka kunna fitilu, suka taho a hankali, don ba a koya musu wani tuƙin ba. Da suka shigo gari motoci suka riƙa raɓewa gefen titi, maza suna cire hula. Suka tsaya a ƙofar gidan Bohannon, mutum huɗu masu baƙar kwat suka shiga da shi, sun naɗe masa hannuwa a ƙirji saboda sabo. Kafin su fito, Mis Verlene ta gidan da ke kallonsu ta buga wa matan coci waya.

Ba a yi awa guda ba aka fara sallama da kwanuka. Soyayyar kaza, wake, burodin masara, kuɓewa. Kowace ta shigo da kukanta, ta tarar da mamaci a kan doguwar kujera yana tambaya ko akwai barkono. Lucius ya shigo a guje, hula a hannu, ido jawur, don yana son mijin yayarsa ko da ba ya faɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon Ezell na gwaguyar cinyar kaza.

“Mijin Yaya.” Ya share ido, ya ja hanci. “To maganar inuwa tana nan ke nan.”

Mis Verlene ta tambaya ko za a mayar wa mutane abincinsu. Odessa ta ce a'a. “Don rashi kuka kawo. Rashin hankali ma rashi ne.”

Da baya ya saki, saura Gilgal. Ita ce ma ta fi muhimmanci, tunda da ita za a rufe kaka. Makarantar tana can ƙarshen wata hanyar ƙasa a tsakiyar gonakin auduga. Shugabanta Rabaran Gaines, ƙaramin tsoho mai sanyin murya, ya saurari Ezell har ya gama.

“Ɗan'uwa Ezell, mu fa mun daɗe ba mu ci wasa ba. Mun ɗauke shi darasin tawali'u.”

“Tawali'u a bar shi a ɗakin sauya kaya, Rabaran.”

Suna cikin magana sai waƙa ta tashi daga ɗakin sujada, wata murya a ƙasan waƙar har gilashin taga yana rawa. Ezell ya leƙa. Layin baya wasu samari ne 'yan ƙauye, wuya kamar na bijimi, waɗanda suka tashi suna ɗora dilar auduga a mota.

“Waɗancan fa?”

“'Yan waƙa ne.”

“Ba ni aronsu.”

Daga ran nan tukunyar gidan Bohannon ta koma Gilgal. Ezell ya riƙa zuwa da tarwaɗa da garin masara a bayan mota, yana soyawa suna ci, suna ci suna faɗi. Sai maganar abin da zai koya musu. Shi dai duk ƙwallon da ya sani, wanda ya gani ne shekara da shekaru yana tsaye a bayan Koci Thurman. To shi ya koyar, wato alamun da Koci ke yi wa yaransa in suna cikin fili.

“In na taɓa hula, ƙwallo dama za ta bi. In na ja kunne, jifa ce mai nisa. In na sosa ciki, a ratsa ta tsakiya. Wannan duk ni na ƙirƙiro. Thurman ma ni na koya masa. Har yau da su yake aiki, bai sauya ko ɗaya ba.”

“Har yau?” in ji Rabaran Gaines.

“Har gobe.”

“Madalla,” in ji Rabaran.

Fastoci suka fita suka ci wasa. Aka ce katari ne. Suka sake ci. Suka je suka doke wata kwaleji da ke cikin jeri, suka tsaya a tsakiyar fili suka yi mata waƙar ban haƙuri da murya huɗu. Rediyo ya fara kiran sunan Gilgal. Can kuma ƙungiyoyin ƙasan jeri suka yi ta faɗuwa, Bledsoe ma aka sake doke su suka zamo ƙasa, har alƙalai suka rasa yadda za su yi da Alfadarai, suka liƙa su a gindin jeri, na ashirin da biyar. Bledsoe na ashirin da uku. Mai sharhi ya ce in Alfadarai suka doke Gilgal, wadda yanzu ƙungiya ce ta gaske, za su tsallake Shahuna ba makawa.

Ezell ya sayi sabuwar igiya, ya kai shagon aski, ya aje a kan tebur kusa da almakashi.

“Ta jan alfadari ce. Na zaɓo maka mai laushi.”

“Kai ka san fastocin nan za su yi ƙarfi haka?” in ji dattijon benci.

“Tun ranar da na sa su. Ido ne, Baba. Ba kowa Allah ya ba ba.”

Ranar wasa gari ya cika. Tsofaffin ɗalibai sun dawo daga Memphis da Chicago, 'yan badujala sun zaga gari, an yi wa alfadari wanka an ɗaura masa koren ƙyalle. Ezell yana gindin pekan, mai yana tafasa, mutane sun kewaye shi yana ba su labarin ƙarti tara da ya ratsa. Sai ga motar Gilgal. Samarin nan suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, motar tana ɗagowa. Suna hango shi suka washe baki.

“Barka da rana, Koci Ezell!”

Koci Thurman yana wucewa. Ya tsaya. “Koci?”

“Ladabin fastoci ne,” in ji Ezell. “Kowa koci suke ce masa.”

Aka busa usur. Koci Thurman ya taɓa hula, yaronmu ya rungumi ƙwallo ya yi dama, ya tarar da 'yan waƙa huɗu suna jiransa kamar ya aiko musu zai zo. Koci ya ja kunne, aka yi jifa mai nisa, wani ɗan Gilgal ya riga ya isa wurin ya buɗe hannu kamar za a miƙo masa jariri. Koci ya sosa ciki, tsakiya ta toshe kamar an gina katanga. Koci ya dubi hannunsa, ya zura duka biyu a aljihu. Can sauro ya cije shi a kunne, ya kai hannu, ƙungiyoyi biyu duka suka zura da gudu wuri ɗaya.

Da aka tafi hutu Ezell ya zaga ta bayan 'yan badujala ya sami Rabaran Gaines.

“Rabaran, ai ba haka muka yi ba.”

“Yaya muka yi, Ɗan'uwa Ezell?”

“Ku yi ƙarfi na ce. Ƙarfi daidai wanda za a doke.”

“Ban ji wannan sashen ba.”

“To ku ɗan sassauta mana. Ina tawali'un?”

“Yana ɗakin sauya kaya, inda ka ce.”

“Rabaran, inuwar ubana ce a kai.”

“Wato in sa yara su yi yaudara a gaban Ubangiji da duk jama'ar nan?”

“Ƙarama.”

Rabaran ya dafa kafaɗarsa, ya ce zai sa shi a addu'a.

Aka tashi fastoci suna da talatin da ɗaya, Alfadarai goma. Fili ya yi shiru, har ana jin alfadari yana tauna. Ezell ya fara sulalewa wajen ƙofa, ya kusa kai wa, sai lasifika ta yi ƙara. Rabaran Gaines ne ya roƙi a ba shi minti ɗaya.

“Jama'ar Tallow Bend,” ya ce, “ba zan bar garin nan da nauyin godiya a wuyana ba. Muna zaune cikin rauni, Ubangiji ya aiko mana bawansa. Ya ciyar da yaranmu da kifinsa. Ya koya musu taɓa hula da jan kunne da sosa ciki. Bai nemi komai ba, bai ma so a sani ba. Ɗan'uwa Ezell Bohannon, ina kake?”

Mutane suka dare, suka bar shi shi kaɗai a tsaye da matsami a hannu. Kafin ya juya 'yan waƙa sun iso. Suka ɗaga shi sama kamar dilar auduga, suka shiga zagaya fili da shi suna waƙar yabo, a hankali, don kowane ɓangare ya gan shi sosai. Koci Thurman ya cire hularsa, karo na farko da aka ga tsakar kansa, ya dube ta, ya dubi Ezell. Wata tsohuwa ta jefo burodin masara ta same shi a ƙeya. Hular Ezell ta faɗi, askin ɗalibin nan ya bayyana. Lucius ya zauna a ƙasa don ƙafafunsa sun ƙi ɗaukar dariyar.

Shi kuwa Ezell, da ya ga dubban mutane suna kiran sunansa, ko da ba da daɗi suke kira ba, sai hannunsa ya ɗaga da kansa ya fara gaishe su.

Litinin aka fitar da jerin ƙarshe. Gilgal ta shiga. Alfadarai sun fita. Bledsoe kuwa suka yi tsalle har na goma sha takwas. Mai sharhi ya ce alƙalai sun waiwaya sun ga Shahuna ne suka doke Gilgal tun farkon kaka, kuma doke ƙungiya mai ƙarfi irin Gilgal ba ƙaramin abu ba ne. Da yamma shugaban kwaleji ya bugo wa Ezell ya ce ƙafar mai tsara wasanni na da ta warke, zai karɓi aikinsa. Ba ta warke ba.

Lucius bai jira wata kakar ba. Asabar ɗin nan, ba wasa ba komai, fili a rufe, ya kwaso mutanen Bledsoe suka ƙetaro gada da kujerunsu, ya kafa tuta ruwan lemo a gindin pekan. Rigar da ya aiko ta yi wa Ezell kaɗan, da gangan. Odessa ta farke gefenta ta ƙara ƙyalle ta ɗinke, ta goge ta tsaf, ta ce in za a ji kunya a ji ta cikin sutura. Sannan ta sa koriyar rigarta ta coci, ta ɗauki kujera, ta je ta zauna kusa da tukunya.

Rabin gari ya fito kallo. Koci Thurman ma ya zo ya miƙa faranti.

“Na sauya alamu,” ya ce.

“Ka kyauta, Koci. Waɗanne ne sababbin?”

“A'a,” in ji Koci, ya ɗauki kifinsa ya tafi.

Ezell ya aje matsami. Ya ɗaga kai ya dubi rassan bishiyar, ya dubi tutar, ya shafa bakin tukunyar ubansa da babban yatsa. Odessa ta matso da kujerarta. Sai ga wani baƙo ɗan Bledsoe, wanda bai san kowa ba, ya ɗanɗana kifi ya lumshe ido ya ce, “Baba, kai ma kana bin ƙwallo kuwa?”

Ezell ya gyara tsayuwa, rigar ta ɗame.

“Bi? Yaro, ka ga jerin gwanayen nan? Ƙungiya biyu na ɗaga a cikinsa a kaka ɗaya. Ɗaya na shigar da ita, ɗaya na tura ta sama. Ni kaɗai, da tukunyar nan. Tambayi kowa.”

Baƙon ya waiga, ya ga mace mai koriyar riga a zaune. “Mama, wai gaskiya ne?”

“Gaskiya ne,” in ji Odessa. “Wannan karon ko ƙari babu. Ezell, juya kifin, yana ƙonewa.”